Ƙurungun Baba da Ruwan da Ya Yi Fari

Ranar Talata Baba ya rasu, bayan azahar, ana tsakiyar bazara. Kafin motar da na shigo daga Dutse ta iso Haɗeja har an kai shi an dawo. Na tarar da maza a kan tabarmi a ƙofar gida, takalma jibge a bakin zaure. Na raɓa ta gefensu na shiga ciki ina jiran kuka ya zo mini, amma bai zo ba. Na durƙusa gaban Inna, mahaifiyarmu, ta kama hannuna ta riƙe. Na lura tafin hannunta da sanyi duk da zafin da ake zabgawa, kuma abin da na yi ta tunani a kai ke nan har aka kira magariba.

Masu gaisuwa suka yi ta shigowa. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." "Amin, amin." Na yi ta maimaitawa har bakina ya koyi yi shi kaɗai, ba sai da ni ba. Danginmu na Guri suka zo mota guda, tun daga bakin titi ake jin kukansu. Wata tsohuwa da ban sani ba ta zauna kusa da ni tana ba da labarin shekarar da ruwa ya ci ƙauyensu, Baba ya ɗauke ta a kwalekwalensa ita da awakinta biyu, akuya ɗaya ta yi ta cin bakin rigarsa har suka kai tudu. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Yaya, babbanmu, ya leƙo ya ce samarin da ke kiwon tarwaɗa a bayan gari sun zo gaisuwa, ɗayansu yana cewa yanzu wa zai riƙa duba musu ruwa. Matar maƙwabcinmu kuwa cewa ta yi, "Bawan Allah, shekara ashirin da ɗoriya ban taɓa jin ya ɗaga murya ba." Gaskiya ta faɗa, bai taɓa ɗagawa ba. Sai dai ita ba ta taɓa shan shirunsa ba, ni na sha.

Gwaggo, yayar Baba uwa ɗaya uba ɗaya, ta iso daga Kafin Hausa washegari da sassafe. Ta yi kukanta mai isarta a tsakar gida, ta share fuska, ta gyara ɗaurin ɗankwali, daga nan gidan ya koma hannunta: makullin sito, tukwane, wa za a ba kwano, wa za ta zauna ina. Ni dai ina zaune. Aka ba ni abinci na ci, aka ce in tashi in yi salla na yi. Ina kallon mutane suna kuka kamar yadda ake kallon masu daka a gidan maƙwabta.

Abu ɗaya na ga kowace mace tana yi. In ta gama gaisuwa za ta fita, sai ta tsaya a barandar ɗakin Baba, gaban akwatin kifinsa, ta ɗan jima sannan ta wuce. Na ɗauka kallo kawai suke yi.

Mutane za su tuna Baba da kwalekwale da haƙuri da sahun gaba a masallaci, kuma duk nasa ne. Akwatin nan ne nake tsoron a manta, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Na gilashi ne, tsawonsa kamu biyu, a kan wani dakalin siminti da Baba ya gina masa da hannunsa ta inda rana ba ta kaiwa. 'Yan unguwa suna ce masa talabijin ɗin Malam. Baba masunci ne ɗan masunci. A Guri aka haife shi, ya yi shekara talatin yana su, har kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye fadama, ta toshe musu mashigar ruwa. Sai ya tattara mu ya dawo Haɗeja ya kama sayar da bandar kifi a kasuwa. Shekara goma sha huɗu da suka wuce yanar ido ta rufe masa gani, Yaya ya kai shi Kano aka yi masa aiki. Ranar da aka cire masa bandeji, a ɗakin jira na asibitin ya ga akwatin gilashi da kifaye suna yawo a ciki. Yaya ya ce da ƙyar ya ɓamɓare shi daga wurin. A mota Baba ya ce masa, "Shekara talatin ina kama su, ban taɓa ganin yadda suke zama a gidansu ba. Kogi ba ya nunawa. Sai sun fito suna mutuwa nake ganinsu."

Yana dawowa ya sa mai yanka gilashin taga ya haɗa masa nasa. Inna ta ce kowa da yadda tsufa ke zo masa, na mijinta ta kifi ya biyo. Bai sa masu launin nan na birni ba. Guri ya koma, ya samo 'yan karfasa da wani ƙurungu guda ɗaya da bai fi ɗan yatsa ba, ya kawo su a tulu. Karfasa in sun girma yakan mayar da su kogi ya kawo ƙanana, amma ƙurungun ya zauna. Ɗan Guri yake ce masa. Ya girma ya fi tafin hannu, baƙi mai ɗigo-ɗigo, da dogon gashin baki, yana kwana a cikin wani fasasshen kasko a ƙasan akwatin. Kullum da safe Baba zai zauna a kujerarsa 'yar tsugunno, ya ƙwanƙwasa gilashin sau uku da zoben azurfarsa, Ɗan Guri ya fito, sau da yawa a rigingine, cikinsa sama, don haka irinsu ke iyo in za su ci daga saman ruwa. Baba ya ɗebi abinci daga gwangwani da yatsa biyu ya barbaɗa. Sau ɗaya a rana, ba ƙari, ko da Sarkin Ruwa ne ya zo kallo ya roƙa.

Ranar Alhamis, ranar sadakar uku, na fito da buta da safe na kalli akwatin, ban ga cikinsa ba. Ruwan ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa. Karfasa biyu sun taso sun mutu a kusurwa, sauran huɗun suna saman ruwa suna ta buɗe baki. Kaskon ma ba a hango shi, balle Ɗan Guri.

Na ajiye butar. Na san ruwan nan, don ni na taɓa jawo irinsa.

Shekara goma sha biyu ke nan, na zo wankan gida na haihuwar fari. Zaman ɗaki ya ishe ni, Baba kuma ya tafi Guri ɗaurin aure zai kwana biyu. Na ga gilashin ya ɗan yi kore ta gefe, soson tace datti da ke cikin ruwan ya yi baƙi ƙirin. Ni kuwa kowa ya san ni da ƙyamar datti, ko cokali ne sai na wanke sau biyu. Na kwashe kifin a bokiti, na zubar da ruwan kaf, na wanke tsakuwa da garin sabulu, na dirje soso har ya koma fari, na cika akwatin daga famfo, na mayar da kifin. Na koma na zauna ina jiran yabo. Kafin Baba ya dawo ruwa ya yi fari, kifi tara sun mutu. Ɗan Guri kaɗai ya rage.

Baba ya tsaya gaban akwatin, jakarsa tana kafaɗa bai ma sauke ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Uwata, wa ya aike ki?"

Na ce, "Datti na gani, Baba."

Ya ce, "To."

Kwana uku wannan "to" ɗin ce rabona da shi. Zai ɗauki jikansa ya yi masa wasa, in ya gama ya miƙa wa Inna, ni ina zaune kusa da ita. Ni ma na hau dokin zuciya. Na ce wa Inna, a kan kifi? Kifin da muke ci da tuwo? Na ɗaga murya don ya ji, kuma ya ji.

Rana ta huɗu bayan azahar ya kira ni, ya miƙo mini kofin gilashi. "Ɗebo." Na ɗebo daga akwatin. "Ɗora a taga. Kar ki taɓa komai sai la'asar." Muka zauna, shi a kujerarsa, ni a bakin dakali, ina ta cika ina batsewa.

Ya ce, "Ruwa in ya gurɓace, duba tukuna, kar hannu ya riga ido. In laka ce, daga azahar zuwa la'asar za ta kwanta a gindin kofi. Wannan ba ciwo ba ne, ƙyale ta. In kore ya yi, rana ce ta yi masa yawa, ki tare masa rana. Amma in fari ne, ya ƙi kwanciya, kika sansana kika ji ɗan wari, to ko wani abu na ruɓewa a ciki, ko an kashe masu shara."

"Masu shara kuma?"

Ya nuna soson. "Baƙin nan da kika dirje. Akwai halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kifin. Wani ma'aikacin gona ne ya gaya mini, ban yarda ba sai da na gwada. Kin kore su da sabulu, kin bi su da ruwan famfo mai magani."

Ya koya mini gyaran a ranar. A hana kifi abinci kwana uku, yunwar kwana uku ba ta kashe kifi, ƙoshi ne ke kashe shi. A ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum, a mayar da wanda ya kwana a randa. Soso kuwa a cikin tsohon ruwan akwatin kawai ake ɗauraye shi. Iska kar ta tsaya ko na sa'a ɗaya. Kuma kar a zura hannu a ɗaga kasko don a ga ko kifi na da rai, firgita shi kan ƙarasa shi. Da la'asar ya ce in ɗauko kofin in ɗaga wa haske. Na ɗaga, na juyo gare shi. Ya ce, "Saura." Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba, amma da yamma da ya gama yi wa jikansa wasa ni ya miƙo wa.

Tun daga nan ya zama al'adarmu. Duk zuwan da zan yi gida, kafin in sauke mayafi zai miƙo mini kofi. In ɗebo, in ɗaga wa haske, in juyo gare shi, shi kuma ya ce "Ya yi" ko ya ce "Saura." A gidan nan kaf, ni da na kashe masa kifi ni kaɗai ya yarda ta taɓa akwatin.

To ranar Alhamis ɗin nan na shiga ɗakinsa na ɗauko kofin a inda yake ajiye shi, na ɗebi ruwan na ɗora a taga. Na sunkuya na sansana akwatin, wari ya bugi hancina. Sai kuma na ji shirun. Akwai wani ɗan inji da ke hura iska ta siririn tiyo zuwa cikin soson, batirin sola ke jan shi, kuma gurgur ɗinsa ba ya yankewa a gidanmu, har mun daina jin sa. Yanzu babu. Na bi wayarsa da ido har soket, na tarar an zare ta, wayoyin hannu na baƙi guda biyar suna kwance a wurin suna caji. Wataƙila tun ranar Talata, a cikin wannan zafi. Na zare su duka na jona injin.

Wata daga cikin rumfa ta ce, "Wa ya cire mini caji?"

Na ce, "Ni ce." Ban ko waiwaya ba.

Na kwashe matattun, na ɗauko babban tiyo na zura har ƙasa, na zuƙa da baki ruwa ya fara zuba a bokiti. Abin da ya biyo tiyon ne ya sa na zauna a ƙasa daɓas. Gumba, ɓarɓashin ƙosai, lomar tuwo da ta narke, shinkafa, har da ƙwallon dabino. Ashe tsayawar da mata ke yi ba ta kallo ba ce.

Ina durƙushe a wurin sai ga Gwaggo da dunƙulen gumba, ta ɗaga hannu za ta marmasa a kan ruwan. Na kama tsintsiyar hannunta. Tunda nake ban taɓa riƙe Gwaggo haka ba.

"Ke, lafiyarki?"

"Gwaggo, kar ki zuba."

"Sadaka ce. Dabbobinsa ne, su ma marayu ne yanzu. Duk wadda ta shigo ni na ce ta ɗan jefa musu, ladan ya isa gare shi."

"Shi ke kashe su."

"Abinci ke kashe su? Yau nake jin ikon Allah!" Ta fizge hannunta, ta juya ga matan da ke rumfa don su zama shaida. "Don kin ci sunan uwarmu shi ne za ki hana a yi wa ƙanena sadaka ranar ukunsa?"

Har masu tuyar waina suka dakata. Inna tana ɗaki cikin takaba, na san ta ji. Ya kamata kunya ta kama ni, ko tsoro. Na laluba ban sami ko ɗaya ba. Na ce, "A kai wa yara a waje, su ma sadaka ce. Nan dai kwana uku ba mai sa ko ƙwayar gero."

Da la'asar na duba kofin, fari yake fat, babu abin da ya kwanta a gindi. Ban jima ba Gwaggo ta dawo da ƙullin alimun na kwantar da ruwa a hannu. Ta ce, "Mu da muka tashi da ruwan kogi za a koya wa gyaran ruwa? Matsa in jefa, kafin magariba ki ga fuskarki a ciki." Na nuna mata kofin, na ce alimun laka yake kwantarwa, wannan kuwa ba laka ba ce, ruɓa ce, kuma Baba ya ce yana hana kifi numfashi. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ɗaure ƙullinta a haɓar zane ta wuce.

Aka kai ƙarata wurin Yaya. Ya shigo ya tsaya a kaina ina matse soso a cikin bokitin tsohon ruwa. Ya yi ƙasa da murya. "Mutane na magana. Ki zubar da ruwan nan gaba ɗaya ki sa sabo, ko in sa a kai su kogi a sake, kowa ya huta."

Na ce, "In na zubar gaba ɗaya na kashe shi. Kogi kuma shekara goma sha huɗu rabonsa da shi, bai san komai ba sai ƙarar zobe."

"Ba mu ma san ko yana da rai ba."

"Shi ya sa zan jira."

Ya ce, "Ke ko kuka ba ki yi ba."

Na ce, "Na sani."

Randar Baba tana bayan ɗakinsa, rufe da faifai, dutse a kai. Na buɗe na tarar da ita cike. Inna ta gaya mini daga baya cewa shi ya cika ta ranar Litinin da yamma, ya ce Laraba zai canza wa kifi ruwa. Da ita na yi aiki Alhamis da Juma'a da Asabar. Da na kai gindinta na kwashe na ƙarshe da ƙoƙo, na tsaya ina kallon randar wayam. Na ce a raina, yanzu ne zai zo mini. Bai zo ba. Na ɗauki bokiti na je na ɗebo wani na zuba don ya kwana.

Ranar Juma'a karfasa ɗaya ta ƙara mutuwa. Ranar Asabar ruwan kamar ba a taɓa shi ba. Gwaggo ta daina yi mini magana, ashe shirun na gado ne. In za ta wuce sai ta ce wa iska, "Yunwa dai za ta ƙarasa su." Ina jin mata suna ƙus-ƙus, wai 'yar Dutse zuciyarta busasshiya ce, ubanta ya mutu ita kifi ne ya dame ta. Ban ji haushi ba, don ni ma ban san amsar ba. Kullum da safe sai na sansana ruwan kafin in yi komai. Kifi kamar Ɗan Guri in ya mutu a cikin kasko a wannan zafi, hanci ne zai fara sani. Warin yana raguwa, da wannan kaɗai na riƙe.

Yawancin yinin a bakin dakali nake yi, gefen kujerar Baba. A nan samarin tarwaɗa kan same shi da ruwan kududdufinsu a gorar roba. Ya zuba a kofi, ya sansana, wani lokacin ya ɗanɗana da bakin harshe, ya tambaye su sau nawa suke zuba abinci. Su ce biyu. Ya ce, "Huɗu dai. Ku da ruwan nan wani na yi mini ƙarya, kuma ba shi ba ne." Su sosa ƙeya suna dariya. In sun tashi ya sa Inna ta ba su fura, ya raka su har zaure yana nanata musu kar su zubar da ruwa gaba ɗaya.

A nan kuma na yi masa ganin ƙarshe, bayan ƙaramar salla. Ya miƙo kofi, na ɗebo, na ɗaga, na juyo. Ya daɗe yana ƙanƙance ido. Ya ce, "Idon ya fara komawa, Uwata. Ke ki faɗa." Na ce ya yi. Ya ce, "To, ya yi." Ina sauri kar mota ta cika a tasha, na ajiye kofin na yi masa sallama daga tsaye.

Ranar Lahadi da yamma na fara hango inuwar kaskon. Ranar Litinin, ranar bakwai, na fito da safe na ga tsakuwa ɗaya-ɗaya har bangon baya. Karfasa ukun da suka rage sun sauka ƙasa suna yawonsu. Bakin kaskon baƙi, ba motsi. Na ƙwanƙwasa gilashin da farce, shiru. Na ɗauko cokali na ƙwanƙwasa, shiru. Na sake, na kuma sakewa.

"Ba haka yake yi ba."

Gwaggo ce a bayana, karo na farko da ta yi mini magana tun Alhamis. Ta ja kujerar Baba ta zauna da nishi, ta kwance haɓar zanenta. Ƙullin alimun yana nan, kusa da shi kuma zoben azurfar Baba. Yaya ne ya ba ta ajiya bayan an cire shi wurin wankan gawa. Ta riƙe shi da yatsa biyu ta buga wa gilashin, ɗaya, biyu, uku, da ɗan tsaiko kafin na ukun, daidai yadda yake yi.

Gashin baki ne ya fara leƙowa. Sannan kai. Sannan ya fito gaba ɗaya, ya juya cikinsa sama ya nufi saman ruwa.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Innalillahi, ya mutu!"

"Haka yake iyo, Gwaggo."

Na buɗe gwangwanin na ɗiba da yatsa biyu na barbaɗa. Ya bi yana tsinta, ya rame kaɗan amma yana ci. Gwaggo ta leƙa hannuna. "Iyakarta ke nan? Wannan ai rowa ce."

"Iyakarta ke nan. Sau ɗaya a rana."

"Haka ƙanen nan nawa yake tun muna yara," in ji ta. "Ko fura za a dama sai ya tsaya a kai wai kar a cika ruwa." Ta gwada zoben a yatsunta, ya yi mata yawa, ta zura shi a babban yatsa. Wata baƙuwa ta nufo barandar da waina a hannu tana gutsurawa. Gwaggo ko kallonta ba ta yi ba ta ce, "Kai wa yara a waje. Nan an rufe."

Ban yi niyya ba, hannuna ne ya ɗauko kofin daga taga. Na zubar da na jiya a gindin bishiya, na ɗebo sabo, na ɗaga wa hasken safiya. Garau yake, ina ganin katangar maƙwabta ta cikinsa. Na juyo da shi wajen kujerar.

Gwaggo ce a kai. Ta kalli kofin, ta kalle ni, ba ta san me nake jira ba. Na tsaya a haka, kofi a sama, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Ta ce, "Ke, kawo kofin nan kafin ki fasa shi."

Ta karɓa ta juye ruwan a cikin akwatin a hankali, ta ajiye kofin a cinyarta. Ta kalli Ɗan Guri yana komawa kaskonsa, ta ce, "Allah ya jiƙanka, ɗan'uwana. Allah ya haskaka maka makwanci, ya kyautata namu zuwan."

Kwana bakwai bakina yana amsa wannan addu'ar shi kaɗai. Na buɗe shi zan ce amin, ya ƙi, sai kukan da nake jira ya zo.